Shirin Kafin Azahar Ya Rasu, Inna Ta Rufe Baki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da ya rasa abin kamawa, ni Zuhura Lawal Kusada, a madadin iyalan Malam Abdulmannan na garin Kankiya, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda takardar nan ta riska rasuwar abokin zamanmu, shirin talabijin mai suna Kafin Azahar. Ya rasu ranar Alhamis, yau kwana goma sha tara ke nan, da ƙarfe ɗaya daidai na rana, yana da shekara goma sha bakwai a duniya, bayan doguwar jinyar da muka gani da idonmu ba mu iya yi masa komai ba.

Sunan maigidana da ke sama, hannu ne ya rubuta saboda ƙa'idar sanarwa, baki bai faɗa ba. Shi ne kuma ya sa na cire addu'ar da na fara sawa. Ya ce ba a nema wa shirin talabijin gafara, ga shi malamin Islamiyya, ɗalibansa za su karanta. Na cire. Na ce masa sauran kam ba zan taɓa ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ba mai yawan ado ba ne. Kujera biyu gare shi masu launin kore, da ɗan tebur, da waya a kai. A kujera ɗaya Anti Kamila ke zama, mai gabatarwa, mace mai ƙiba da tabarau da dariyar da ke fitowa tun daga ciki. A ɗayar kuma baƙon ranar, wata rana likita, wata rana ungozoma ko malama ko mai sana'ar hannu. In an gama da baƙo sai a buɗe layi, mutane su bugo daga garuruwa su faɗi abin da ke damunsu. Litinin zuwa Alhamis yake zuwa, daga sha biyu zuwa ɗaya. Da kiɗan ƙwarya yake sallama, kamar na minti guda, sannan muryar Anti Kamila ta biyo baya: “Sannunku da aiki, matan gida da na kasuwa. A rage wuta, a matso.” In mai kira ta fashe da kuka, abin da take cewa bai wuce ɗaya ba: “Kar ki kashe, 'yar'uwa, ina jin ki.” In zai tafi kuwa sai ta ce: “Azahar ta gabato, a je a yi alwala. Sai gobe in da rai.”

Muna shaida cewa marigayin bai taɓa makara ba, sai dai wuta ta makara. Bai taɓa katse mai magana don tana da in'ina ko don Hausarta ta ƙauye ce ba. Bai taɓa kiran sunan wanda aka kawo ƙararsa ba. Aibinsa guda da muka sani shi ne ya ƙona tuwo a unguwar nan fiye da yadda za a iya lissafawa.

Na san shi ne a shekarar da aka kawo ni amarya daga Kusada, shekara goma sha shida da suka wuce. Na tarar da surukata, Hajiya Rabi, wadda muke kira Inna, tana sana'ar ƙuliƙuli da man gyaɗa. Mace ce mai kwarjini, ba ta yawan magana, in ta kalle ka sai ka duba jikinka ko ka yi wani laifi. Wata huɗu na yi a gidan, abin da ke haɗa ni da ita gaisuwar safe ce a durƙushe daga bakin ƙofa. A ɗakinta talabijin ɗin yake, wani ɗan ƙarami da Yaya Babba, wan maigidana, ya aiko mata daga Kano. Wata rana ina tankaɗe na ji ta ce:

“Ke ɗiyar nan, taho ki riƙe mani eriyar ga.”

Na shiga na riƙe. Hoton ya washe. Na yi awa guda a tsaye, hannu a sama, ina leƙen shirin ta gefe. Washegari ta sake kirana. A rana ta uku na lura hoton a washe yake tun kafin in taɓa eriyar. Ta nuna mini tabarma da baki, na zauna.

Abin da marigayin ya yi wa gidan nan, wanda ba na jin masu tashar sun sani, shi ne ya zama bakin da ni da Inna muke magana da shi. Kunya ba ta bari in faɗa mata abu kai tsaye ba, ita ma girma bai barinta. Sai muka koma faɗa wa talabijin. Wata rana wata ta bugo tana kukan surukarta ba ta taɓa yaba girkinta ba. Inna ta kalli akwatin ta ce, “Wata in ta cinye ta yi shiru, ai ta yaba.” Ranar na yi ta murmushi ni kaɗai a madafi. Wata rana kuma likita yana faɗa a kan tsofaffin da ba sa shan maganin hawan jini. Ni ma na kalli akwatin na ce ai kuwa an ce wasu a ƙarƙashin matashi suke ɓoyewa. Inna ba ta waiwayo ba. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi, ta ciro, ta haɗiye, muka ci gaba da kallo.

Akwai kuma ranar da ba zan manta ba. Na yi ciki biyu suna lalacewa bayan sun tsufa. A na uku ƙafafuna suka kumbura, kaina yana sarawa, idona yana ganin wasu ƙyalƙyali. Na yi shiru, don kowa cewa yake haka ciki yake. Sai ga wata ungozoma a kujerar baƙo tana jero alamomin da ta ce mai ciki ba ta kwana da su a gida. Duk abin da ta ambata ina da shi. Inna ta sauke ido ta kalli ƙafafuna, ta miƙe ta kashe talabijin ɗin shirin bai ko kai rabi ba. A iya sanina ba ta taɓa yin haka ba, kafin ranar da bayanta.

“Ɗauko mayahinki,” ta ce.

Na ce Malam bai dawo ba.

“Ni na haihe shi. Ɗauko mayahinki.”

Kwanana goma sha ɗaya a asibiti. Khadijat da aka haifa a wannan kwanciyar, bana ta shiga sakandare.

Shekara uku da suka wuce Inna ta faɗi a gaban kaskon suya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kalma biyu ciwon ya bar mata, “to” da “a'a”. Hankalinta kuwa yana nan garau, wanda ya zauna da ita ya san haka. Tun daga lokacin ni ke juya ta, ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci a cokali. Ba da abincin ne ya fi komai wuya. Matar da ta ciyar da rabin unguwa ba ta son a sa mata cokali a baki. Takan datse haƙora ta kawar da kai. Amma da zarar kiɗan ƙwaryar nan ya tashi, idonta ya koma kan akwatin, sai bakin ya buɗe da kansa. A cikin wannan awa guda nake ba ta kofin kunu da ɗan tuwo mai laushi da maganinta. Tana ci tana yanke wa masu kira hukunci. In mace ta faɗi gaskiya ta ce “to”. In ta ji ƙarya ko son kai ta ce “a'a” da ƙarfi, har kunu ya zubo. Saboda wannan ne Malam, wanda ya shekara yana kiran shirin ɓata lokaci, ya sa aka kafa mana 'yar sola a kan rufi don kada wuta ta yanke mana awar.

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne a hankali. Tallan sabulu da na ɗanɗanon miya da ke rakiyarsa suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Kujerar baƙo ta fara zama babu kowa. Daga kwana huɗu aka mai da shi Litinin da Alhamis kaɗai. Sauran ranakun Inna takan ci kaɗan, in na ce mata saura kwana biyu sai ta lanƙwasa yatsun hannunta na hagu ta ce “to”. Daga baya wayar ma ta rage ƙara. An ce mutane sun koma kallon wayoyinsu. Sai ka ji Anti Kamila ta ce, “Layukanmu a buɗe suke,” ta jira, ta gyara tabarau, ta sake cewa, “Layukanmu a buɗe suke.” A nan dole in faɗi laifina. Lambar nan na haddace ta kamar sunana, amma shekara goma sha shida ban taɓa bugawa ba. Ina zaune ina kallon baiwar Allah tana jiran kira, waya tana cikin zanina, ina cewa wata za ta buga.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, kiɗan ƙwarya ya tashi kamar kullum. Anti Kamila ta fito da farar atamfa, babu baƙo. Ta ce masu tashar sun yanke shawara, yau ne zama na ƙarshe. Ta yi godiya ga masu ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ta buɗe layi. Ranar ce wayar ta tuna da aikinta. Kira a kan kira, mata suna kuka, har da wani dattijo da ya ce shekara goma yana kallo a ɓoye a shagonsa. Inna ta daina tauna. Ta kalle ni, ta kalli ƙuguna inda wayar take. Na ciro na buga. Layi a cike. Na sake bugawa, na sake, ban ma san me zan ce ba in an ɗauka. Sau talatin da ɗaya wayar ta nuna mini daga baya. Ba a ɗauka ba. Da ƙarfe ɗaya saura minti biyu Anti Kamila ta cire tabarau ta ce, “Azahar ta gabato, a je a yi alwala.” Ta tsaya. Bakinta ya motsa, ba ta ƙarasa ba. Kiɗan ya tashi, aka ɗauke hoton.

Inna ta ce “a'a”. A hankali ta faɗa, ba irin wadda take yi wa maƙaryata ba.

Ranar Litinin na dama kunu na kunna akwatin da sha biyu, ina fatan ko sun canza shawara. Sai ga wani mutum da babbar riga da kwalabe jere a gabansa yana tallan maganin basir da sanyin ƙashi, yana ihu. Inna ta kalle shi kamar minti ɗaya, ta juya fuska bango. Daga ranar ba ta sake cin abin kirki ba. Ruwa take karɓa, da cokali ɗaya ko biyu in na yi ta roƙo.

Ba mu zauna haka ba. Malam Ashiru mai gyaran talabijin na bakin tasha ya nemo mana tsofaffin shirye-shiryen ya zuba a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin na'ura a kalli fim, ya zo da kansa ya haɗa. Da kiɗan ya tashi Inna ta juyo, ta karɓi cokali huɗu, har na fara hamdala. Sai mai kira ta farko ta fara magana, wata mai kukan ɗanta ya bar makaranta ya koma acaɓa. Inna ta saurara, ta ce “a'a”, ta rufe baki. Ta tuna matar. Ta san abin da Anti Kamila za ta ce mata. Muka gwada wani, muka gwada wani, duk ta san su. Malam Ashiru ya naɗe wayoyinsa ya ce, “Wallahi Hajiya ta fi filas ɗin nan riƙo.” Ya fita yana share ido.

Ma'aikacin lafiya ya zo ya yi mata ƙarin ruwa har sau biyu. Ya auna jini, ya duba harshe, ya ce bai ga sabon ciwo ba, mu dai mu san yadda za mu yi ta ci. Na ce yaya za mu yi? Ya ce shi ma abin da yake tambaya ke nan.

A kwana na goma sha biyu Malam ya ba ɗalibansa hutu ya hau mota zuwa Katsina, har tashar. Da ya dawo bayan la'asar ya zauna a bakin ɗakina bai cire hula ba.

“Sun kwance ɗakin,” ya ce. “Na ga kujerun a baranda, an kifa ɗaya a kan ɗaya.”

Na ce Anti Kamila fa?

“Ta ajiye aiki. Amma wani mai ɗaukar hoto ya ji tausayina ya kira ta. Ga abin da ta aiko.”

Ya kai wayar kunnen Inna. Muryar ce, babu kiɗa, kamar daga cikin ɗaki take magana: “Inna Rabi ta Kankiya, Kamila ce. An ce kin ƙi cin abinci saboda mu. Don Allah ki ci. Ni ma kwana uku na yi ban ci ba, amma na ci.” Inna ta yi kuka irin wanda ban taɓa gani ba, da rabin fuska. Ranar ta shanye kofi guda. Washegari muka sake kunna mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce “to”, bakin kuwa bai buɗe ba. Malam ya fita zaure, na ji yana ta jan hanci, ban bi shi ba.

Abu ɗaya ne ya faru da na kasa fassarawa. Shekaranjiya Halimatu, maƙwabciyarmu 'yar Tafashiya, ta shigo duba Inna wajen sha biyu da rabi. Bayan gaisuwa ta manta a gaban mara lafiya take, ta ɓarke da labarin yadda awakin ƙanin mijinta suka cinye mata waken da ta shanya, da ta yi magana aka ce ta cika faɗa.

“Yanzu don Allah, Maman Khadijat, ni ce da laifi?” ta tambaye ni.

Kafin in amsa, daga kan gado muka ji, “A'a!”

Cokali yana hannuna. Na miƙa ba tare da na kalle ta ba. Ta karɓa. Halimatu ta ci gaba da zuba, Inna ta karɓi shida. Jiya Halimatu ta dawo, amma ta zo da niyya, tana magana tana satar kallon cokalin, labarin ma na jiya ta maimaita. Inna ta gane, ta juya bango. Don haka ban sani ba ko hanya muka gani ko dace ne kawai. Abin da na sani, wuyan hannunta yanzu yatsuna biyu suna zagaye shi.

Marigayin ya rasu ya bar Anti Kamila, wadda muke yi wa ta'aziyya duk inda take. Ya bar kujeru biyu a baranda. Ya bar mata masu yawa a Kankiya da Kusada da Sukuntuni da Kafin Soli waɗanda har yanzu suke rage wuta da sha biyu sannan su tuna. Ya bar Khadijat, wadda ba ta san iyakar abin da ke tsakaninta da shi ba. Ya bar ni da surukar da nake so kamar uwar da ta haife ni, kuma ban san ta inda zan faɗa mata ba, tunda wanda muke aikawa ya tafi.

Game da jana'iza, babu gawa a hannunmu, don haka babu wanka, babu sutura, Malam kuma ya ce kada wanda ya kawo zancen salla. Zaman makoki kaɗai za a yi, kullum daga sha biyu zuwa ɗaya na rana, a ɗakin Inna, gidan da ke bayan Islamiyyar Malam, mai dalbejiya biyu a ƙofa. Ba mu sa ranar tashi ba. Mata su shigo ciki. Maza su zauna a benci ta bakin taga, su ɗaga murya, don kunnenta na dama ba ya ji sosai.

Muna roƙon masu zuwa kada su tsaya yi mata ya jiki, ta gaji da shi. Kowa ya zo da abin da ke damunsa na gaske, babba ko ƙarami, rigimar gona ce ko ta maƙwabci ko ɗan da ya ƙi ji, ya faɗa yadda yake, ya tambaya ko shi ne da laifi. Kada a ƙirƙiro, tana ganewa. Wanda ta ce wa “a'a” ya yi haƙuri. Ni zan zauna a gefen gado, kada kowa ya kalli hannuna.

Waɗanda suka fara aiko da kwanuka, mun gode, Allah ya saka da alheri, amma a dakata haka nan. Abinci muna da shi. Mai ci muke nema.

Sanarwa daga Zuhura Lawal Kusada, Kankiya.